Babi na Bakwai: Albashi da Jinga

A gidaje da yawa na Kano da Katsina da Sakkwato, idan saurayi ya turo magabatansa, bayan an gama maganar asali da addini, tambayar da ke biyo baya ita ce: me yake yi? In aka ce ma'aikacin gwamnati ne, ko malamin jami'a, ko yana banki, sai dattawa su gyaɗa kai a wuce gaba. In aka ce ɗan kasuwa ne, sai a tambayi layin da shagonsa yake a Kantin Kwari ko Singa. Amma in aka ce a ɗakinsa yake aiki da kwamfuta, masu biyansa kuma suna Landan da Dubai, bai taɓa haɗa ido da su ba, to nan wuri ke yin tsit. Wani kawu zai ce a ƙara bincike. Wani kuwa tuni ya yanke hukunci a ransa: yaron nan ɗan Yahoo ne.

Dattawan ba su yi laifi ba da suka yi taka-tsantsan. 'Yarsu za su bayar, kuma 'yan damfarar intanet ba tatsuniya ba ne. Inda suka kuskure shi ne wajen lissafi, domin ma'aunin da ke hannunsu na zamanin da albashi ke da albarka ne.

A watan Afrilun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 30,000. A lokacin dala tana wajen naira 360 a kasuwa, wato albashin ya kai kimanin dala 83. A Yulin 2024, bayan doguwar ja-in-ja da ƙungiyoyin ƙwadago, har da yajin aikin da ya kashe wutar lantarkin ƙasa baki ɗaya a farkon Yuni, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabon albashi na naira 70,000. A takarda an ninka kuɗin har da ɗori. Sai dai a lokacin dala ta haura naira 1,500, saboda haka sabon albashin ko dala 50 bai kai ba. A kasuwanni da yawa buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi ƙarfin albashin ɗungurungum, kuma a ƙarshen shekarar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100.

To a ajiye wannan a gefe, a ɗauko matashin da ke zana wa ƙananan kamfanonin Turai tambari da takardun talla, yana karɓar dala 200 a kan kowane aiki. A farkon 2023, in ya kai kuɗin nan wurin 'yan canji a Wapa, abin da zai ƙirga bai wuce naira 150,000 ba. A watan Yuni na shekarar Babban Banki ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kafin Fabrairun 2024 ya fita dala 200 ɗin nan ta haura naira 300,000. Bai ƙara ko sa'a ɗaya a kan aikinsa ba, bai rubuta wa kowa takardar neman ƙari ba, bai shiga yajin aiki ba. Guguwar da ta kwashe rabin albashin maƙwabcinsa malamin firamare, shi ba ta taɓa shi ba. Wannan ba abin murna ba ne ga ƙasa, kuma abin yana juyawa: da naira ta ɗan farfaɗo a Afrilun 2024, masu karɓar dala ne suka ji a jikinsu. Amma duk wanda ya dubi shekaru goma da suka wuce ya san ɓangaren da ya fi shan wuya.

Ba kowane ɗan jinga ke karɓar dala ba, mafi yawansu ma naira suke karɓa. Duk da haka suna riƙe da abu ɗaya da mai albashi ba shi da shi: bakinsu ne ke yanke farashi, kuma kowane sabon aiki sabon ciniki ne. Mai ɗaukar hoton biki, mai haɗa sola, mai tace bidiyo, mai rubuta wa ƙungiyoyi rahoto, duk ranar da man fetur ya tashi, washegari kuɗin aikinsu ya tashi. Mai albashi kuwa sai an kafa kwamiti, kwamiti ya kafa ƙaramin kwamiti, majalisa ta zauna, sannan gwamnoni su ce za su duba aljihunsu. Dokar 2024 ta rage wa'adin sake duba albashi daga shekara 5 zuwa 3, an kuma yaba. Shekara 3 a kasuwar Dawanau ai tarihi ce.

Wani abu da ake mantawa shi ne, a ƙasar Hausa albashi ne baƙo. Marinan Ƙofar Mata, dukawa, maƙera, magina, wanzamai, masu ɗinkin babbar riga da masu rubuta Alƙur'ani da hannu, duk a kan aiki ake biyansu: a yi ciniki, a ba da kafin alƙalami, a gama, a cika. Biyan wata-wata ya zauna ne a farkon ƙarni na 20, lokacin da Turawa suka kafa baitulmali a masarautu suka ɗora sarakuna da hakimai da alƙalai a kan albashi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 da nasa ma'aikatan, En'e ta ɗauki akawuna da malaman asibiti da na gona, Kwalejin Katsina ta fara yaye malamai. A zamanin Sardauna aka buɗe wa 'yan Arewa ƙofofin aikin gwamnati, aiki ya zo da gida a kwatas, bashin mota, asibiti da fansho. Sai kuma ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, wanda ya zo da ariyas, ƙananan ma'aikata suka cika gari da sababbin babura da rediyo. Wannan ne hoton da ya zauna a zukatan iyaye, kuma ba ƙarya suke tunawa ba. Sai dai ko a yau, bayan shekara ɗari da ɗoriya, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga na 2023 da 2024 sun nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na masu aiki a Najeriya kansu suke yi wa aiki. Masu jiran alat a ƙarshen wata ba su kai ɗaya cikin biyar ba.

Babbar hujjar masu son albashi ita ce tabbas: komai ƙanƙantarsa, zai zo. Wannan tabbacin ma ya daɗe da tsagewa. Tun a 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 cikin 'yan watanni, wasu a rediyo suka ji sunansu. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957 ta zama abin alfaharin Arewa, ta rufe ƙofa a 2002, masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007, Kakuri da Makera suka cika da magidanta masu riƙe da katin shaidar aikin da babu shi. Da yawansu sun mutu suna jiran garatuti. Ma'aikatan kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways, wanda ya durƙushe a 2003, har zuwa 2018 ba a gama biyansu haƙƙinsu ba. Jaridun New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo, waɗanda samun aiki a cikinsu ya taɓa zama abin a yi wa mutum barka, sun daina fitowa, ma'aikatansu suka yi shekaru suna sintirin neman haƙƙinsu.

Na kusa-kusa ma ba su da wuyar tunawa. A 2015 jihohi da dama sun kasa biyan albashi na watanni har sai da gwamnatin tarayya ta kai musu ɗauki. A 2017 Jihar Kaduna ta sanar da sallamar malaman firamare fiye da 21,000 bayan jarrabawar gwaji. A 2022 malaman jami'a sun yi wata 8 suna yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba, gwamnati ta riƙe albashinsu, aka ga masu digirin digirgir suna sayar da motocinsu. A Maris ɗin 2025 umarni guda daga fadar shugaban Amurka ya sa Muryar Amurka ta yi shiru, har da Sashen Hausa da aka saba ji tun 1979. Waɗannan duk ayyuka ne da in saurayi ya ambata ɗayansu, an ba shi mata ba gardama.

Abin da ya haɗa su duka shi ne, mai albashi kwastoma ɗaya gare shi. In wannan ɗayan ya karye, ko ya yi fushi, ko aka canza gwamnati, komai ya tsaya a rana ɗaya. Mai fassarar da ke yi wa ƙungiyoyi huɗu aiki, in ɗaya ta tattara ta koma ƙasarta, rubu'in kuɗinsa ne ya tafi, zai ji zafi amma tukunyarsa ba ta sauka ba. Mutane suna kallon ɗan jinga a matsayin mai kasada, alhali shi ya rarraba tasa kasadar, mai albashi kuwa ya tara tasa wuri guda ya ba wani ajiya. A ra'ayin wannan littafi, wannan ce fa'ida mafi girma, ta fi zancen 'yanci da ake yawan yi.

Abin da intanet ta ƙara wa tsohuwar jinga shi ne faɗin kasuwa. Fiverr, wanda aka kafa a Isra'ila a 2010, ya fara ne da ayyukan dala 5. Upwork ya ɗauki sunansa a 2015 bayan haɗewar wasu kamfanoni biyu na Amurka, Elance da oDesk. Aikin waɗannan dandali ya yi kama da na fatoma a kara: shi ya san baƙo, ya san ɗan gari, ya tsaya a tsakani, ya riƙe kuɗi har kaya su isa, ya cire la'adarsa. Mai ba da aiki yana ajiye kuɗin a hannun dandali kafin a fara, ba a sakar wa ma'aikaci sai an karɓi aikin, daga nan kowa ya ba ɗan'uwansa taurari. La'adar fa ba kaɗan ba ce. Fiverr na cire kashi 20 cikin 100, kuma yakan riƙe kuɗin sabon ma'aikaci mako biyu kafin ya iya cira. A Upwork har neman aikin ma sai an sayi tikiti. Wani rahoton Bankin Duniya na 2023 ya ƙiyasta masu irin wannan aiki ta intanet a duniya tsakanin miliyan 154 da miliyan 435, tazarar da ita kanta ta nuna wuyar ƙirga mutanen da ba su da ofis.

A kasuwa mai wannan girma, ɗan Zariya da ke zanen tambari yana gogayya ne da dubban matasan Indiya da Pakistan da Bangaladash, waɗanda suka riga shi shiga kuma suna karya farashi. Inda Bahaushe ya fi samun sarari shi ne inda harshensa ne kayan sayarwa. Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya fito da Hausa a 2016, kuma bayan kowane irin wannan aiki akwai mutanen da aka biya suka fassara, suka duba, suka gyara. Ƙungiyoyin agaji a Borno da Yobe suna buƙatar saƙonnin lafiya da Hausa da Kanuri. Masu bincike suna buƙatar a rubuta musu hirarrakin da suka naɗa. Masu talla suna neman murya. Kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna neman masu naɗar magana da masu tantance amsoshin na'ura. Ɗan Dhaka ba zai iya karya wa ɗan Gusau farashi a nan ba. A cikin gida kuma Kannywood tun farkonta a kan jinga take tafiya: marubuci, mai ɗaukar hoto, mai tace fim, jarumi, kowa da kuɗin fim ɗinsa, in an tashi daga lokeshan an rabu sai wani aikin.

Mata su ne za su fi kowa cin moriyar wannan sauyi, kuma su ne suka fi daɗewa da sanin sirrinsa. A 1969 wata mai bincike 'yar Ingila, Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a kan cinikin da matan aure ke yi daga cikin gida ba tare da sun taka kasuwa ba: hatsi, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, fura, ɗinkin hula, yara na kai da kawowa. Baƙo zai ratsa gari ya ce mata ba sa aiki, alhali kasuwa ce sukutum a bayan katanga. Matar da ta yi digiri a fannin akanta a Jami'ar Bayero, ta yi aure, mijin ko danginsa ba su yarda da fitar safe zuwa yamma ba, a da takardarta sai dai ta kwanta a akwati. Yau tana iya riƙe wa shaguna uku lissafinsu, ko ta tsara wa wata makaranta jarrabawa, ko ta kula da shafukan tallar wani kamfani, tana zaune a falonta da goyo. Marubuta mata sun riga kowa gane hanyar: suna sakin littafi babi-babi a WhatsApp, mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki a saka shi a rukunin masu biya, babu maɗaba'a, babu ɗan kasuwar littafi a tsakani. Akwai ma wani alheri da ba a cika faɗa ba. Aiken da a da yarinya 'yar shekara 9 ke yi da faranti a ka, yanzu waya ce ke yin sa, ita kuwa tana aji.

Sai maganar hanya. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ƙaramin ma'aikacin da ke kwana a Mararaba ko Suleja yana aiki a sakatariyar tarayya, kuɗin mota kaɗai na iya cinye rabin abin da yake ɗauka, ban da sa'o'in da yake kashewa a cunkoson Nyanya. Gwamnatoci ma sun gane: Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a mako a ƙarshen 2021, Kwara da Edo suka rage zuwa kwana uku na wani lokaci a 2023. Ɗan jinga ba ya biyan wannan harajin. Yana iya zama a Funtuwa ko Azare inda haya ke da sauƙi, kusa da iyayensa, ya duba gonarsa da damina, ya je tafsiri da azumi, ya yi aikinsa bayan asuba ko bayan isha'i. Ba ya neman izinin kowa don zuwa jana'iza.

Wannan sakewar tana da nata ciwon kan. Wanda ke gida kullum, a idon dangi ba shi da aiki. Shi za a aika asibiti da Hajiya, shi zai kai yara Islamiyya, shi zai je karɓo ɗinki, "tunda kana nan". In kwastomansa yana Kalifoniya, inda agogo ke bayan na Najeriya da sa'a 8 ko 9, taron da aka sa da rana a can tsakar dare ne a nan. Kuma wanda ba shi da oga, in bai iya zama ogan kansa ba, wa'adi zai cika yana kallon TikTok.

Akwai kuma abubuwan da ofis ke bayarwa ba tare da ma'aikaci ya lura ba, sai ranar da ya fita. Na farko wuta. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarkin rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit, a Oktoban shekarar kuma yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Ma'aikacin gwamnati ya je ofis ya zauna, aka biya shi cikakken wata. Ɗan jingar da ba shi da sola da batir ya rasa wa'adi, ya rasa taurari, wani ya rasa kwastoman gaba ɗaya, don mutumin Berlin bai san wani abu wai shi layin wuta na Shiroro ba. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga, duk mai cin abinci da intanet a wuraren sai dai ya yi ƙaura. A farkon 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan farashinsu. Starlink ya shigo ƙasar a 2023 ya sauƙaƙa wa masu hali, amma kuɗinsa ba na mai farawa ba ne.

Fatoman ma yana iya juya baya. PayPal ya shafe shekaru yana barin 'yan Najeriya su biya amma ba su karɓa ba, abin da ya tura mutane Payoneer da sababbin manhajojin da ke buɗe wa mutum asusun dala. A Maris ɗin 2024 dandalin Remotasks, inda matasa da yawa ke samun aikin horar da na'ura, ya rufe ƙofa ga ma'aikatansa na Najeriya da Kenya da Pakistan, ba sanarwar kirki, ba kotun ma'aikata da za a kai ƙara. Ita kanta ƙirƙirarriyar basira, tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, ta fara cinye ƙananan ayyukan rubutu da fassara da zane, irin waɗanda sabon shiga ke fara koyon tafiya da su. Waɗanda suka tsira su ne masu zurfi a fanni guda: mai fassarar da ya san harshen likitoci ko na shari'a, ba mai juya kowace irin takarda ba. Shi ya sa tsofaffin hannu ke cewa dandali wurin haɗuwa ne, ba wurin zama ba, arziki yana wurin kwastoman da ya san sunanka yake dawowa, yake kuma turo abokansa.

Mafi nauyi dai shi ne tsufa da ciwo. A dokar fansho ta 2014, mai ba da aiki yana zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, kowane wata, ko ya so ko bai so ba. Dokar ƙwadago ta ba mai jego hutun mako 12 da aƙalla rabin albashi. A ma'aikatu akwai ƙungiyar taimakon juna da ke ba da shinkafar azumi da ragon layya bashi, banki kuma na ba da rance da zarar ya ga asusun albashi. Ɗan jinga ba shi da ko ɗaya. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, ranar babu ko sisi. Wata guda ya samu abin da darakta ba ya samu, wata biyu a jere ya yi ta duba waya ba saƙo. Hanyoyin rufe wannan gibi suna nan: tun Maris ɗin 2019 aka ƙaddamar da tsarin fansho na masu zaman kansu, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta buɗe wa kowa ƙofa, jihohi kamar Kano da Kaduna suna da hukumominsu na taimakekeniyar lafiya. Matsalar ita ce babu akawun da zai cire kuɗin kafin su shigo hannu, kuma matashi ɗan shekara 26 da dala 500 ta faɗo masa, waya sabuwa ce ke fara zuwa masa a rai. Haraji ma haka: sabuwar dokar da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta yafe naira 800,000 na farko a shekara, abin da ya haura kuwa ana biya a kai, ko daga Abuja kuɗin suka fito ko daga Toronto, kuma ɗan jinga da kansa zai kai lissafinsa.

Abu ɗaya da ofis ya fi jinga nesa ba kusa ba shi ne koyarwa. Sabon injiniya ko ɗan jarida da ya shiga ƙarƙashin tsohon hannu, ana gyara masa kuskure ana kuma biyansa. Wanda ya faɗa kasuwa kai tsaye daga bautar ƙasa, kwastoma ne zai koya masa, shi kuwa kwastoma da tauraro ɗaya yake koyarwa. Cibiyoyi irin su CoLab a Kaduna da nHub a Jos da Startup Kano, da shirin gwamnatin tarayya na 3MTT da aka fara a 2023 don horar da matasa miliyan 3, suna ƙoƙarin cike wannan gurbi. Kwas na wata uku dai ba ya maye gurbin shekara uku a gaban maigida. Yawancin 'yan jingar da suka yi ƙarfi, in aka bi tarihinsu, sun taɓa yi wa wani aiki, a can suka koyi sana'ar, a can kuma suka samu kwastomominsu na farko.

Shi ya sa da yawa ke haɗa biyun, albashi da rana, jinga da dare. Ga ma'aikacin kamfani, wannan ya danganta da abin da ya sa wa hannu a takardar ɗaukarsa. Ga ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci kuwa, Jadawali na Biyar na Tsarin Mulkin 1999 ya hana shi gudanar da wata sana'a ko kasuwanci na kansa, in ban da noma. Kowa ya san yadda ake taka wannan doka a kowace sakatariya, amma tana nan, kuma ranar da aka so kama mutum da ita za a kama shi.

Hukuncin dai shi ne: ga mai ƙwarewar da kasuwa ke nema, mai iya riƙe kansa da kuɗinsa, jinga ta fi albashi a Najeriyar yau, a samu da kuma a tsaro. Ga wanda bai riga ya ƙware a komai ba, ko mai iyali da yawa da babu ajiyar ko wata ɗaya, albashi ko yaya yake ya fi masa. Mai karatun da ke da aiki a hannu kada ya rubuta takardar ajiye aiki saboda wannan babi. Ya fara gwadawa a lokacin da yake nasa, in ƙa'idar aikinsa ta ba shi dama, ya ga ko akwai baƙon da zai biya shi sau biyu ba don kunya ko zumunci ba. In masu biyan sun kai uku, abin da suke kawowa ya wuce albashinsa wata shida a jere, ya kuma ajiye abin da zai riƙe gidansa wata shida ko da waya ba ta yi ƙara ba, to ya yi shawara da iyalinsa. Kuɗin farko da suka shigo bayan nan, ya raba su tsakanin sola da asusun fansho da katin asibiti.